Gonar Waye? Littafin Marmara Da Ƙauyen Da Ke Cikin Labaranmu

Wata shekara aka ba mu aikin rubuta manhajar rajistar manoma. Da farko mun ɗauka aikin mako biyu ne. Ma'aikaci zai je ƙauye da waya, ya zagaya gona ya ɗauki iyakarta, sannan ya cike gurabe: suna, lambar waya, girman gona, abin da aka shuka. Akwai gurbi guda da muka sa wa suna "mai gona", muka ba shi layi ɗaya.

Ranar da muka fita gwaji a wani ƙauye tsakanin Bakori da Malumfashi, muka tarar da wani dattijo yana zagaya masararsa. Bayan mun gaisa muka ce, "Baba, gonar nan taka ce?" Ya ce, "To, ni nake nomawa." Muka ce, "Sunanka za mu sa ke nan." Ya ɗaga hannu ya ce, "A'a samari, ku dakata tukuna."

Ashe gonar ta mahaifinsu ce, ba a raba ba tun rasuwarsa. Gefen gabas yayansa ya jinginar wa wani mai sayen hatsi shekarar da ya aurar da 'yarsa, har yau ba a fansa ba. Gefen kwari rabon ƙanwarsu ne da ke aure a Zariya. Shi yake nomawa, da kaka ya aika mata da abin da ya samu. Wani ɗan tsiri kuma gayaunar ɗansa ce, wanda ya tafi Kudu neman kuɗi yake aiko da kuɗin taki. Gona ɗaya, mutum biyar, kowa da irin haƙƙinsa, biyu daga cikinsu ma ba sa garin. Mu kuwa layi ɗaya muka tanada.

Mun kawo wannan labari ne saboda muna ganin kuskuren da muka yi ranar nan shi ne kuskuren da yawancin ƙagaggun labaranmu suke yi wa ƙauye. Kuma akwai wani littafi, wanda ba na adabi ba, da ya kamata marubutanmu su san da zamansa, su amfana da shi, su kuma yi jayayya da shi.

Ƙauyen da muka saba karantawa

Duk mai bin labaran Hausa a WhatsApp da Wattpad da ArewaBooks ya san wannan ƙauyen. Shi ne inda ake ɗauko yarinya kyakkyawa marar gata a shafin farko, a kai ta aikatau gidan wani attajiri a Kano ko Abuja, ɗan gidan ya wulaƙanta ta, daga baya ya mace a kanta. Shi ne inda ake tura fitinanniyar 'yar birni hannun kaka don ta yi hankali. A fim kuma shi ne gidan baƙauyen da ake kawowa birni a yi masa dariya. Ko tsofaffin littattafai masu kyakkyawar niyya ba su tsira ba. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970, ya tsaya wa ƙauye, ya gargaɗi matasa kan ruɗin birni, amma a can ma ƙauye wurin da aka baro ne, labarin yana faruwa ne bayan an bar shi.

Ba muna cewa labaran nan ba su da daɗi ba. Da yawansu sun hana mu barci. Abin da muke ƙorafi a kai shi ne, a cikinsu mutanen ƙauye duk talakawa ne iri ɗaya, ba su mallaki komai ba balle su yi rigima a kai, kuma ba sa zuwa ko'ina sai in motar birni ta zo ta ɗauke su. Za ka karanta shafi ɗari uku a san launin labulen falon Hajiya da sunan turarenta, amma ba a san ko mahaifin jarumar yana da gona ba, ko ta gado ce, ko ta aro, ko ya jinginar. Alhali wannan tambayar ita ce take yanke ko yarinyar za ta tafi aikatau ko za ta zauna makaranta.

Baturen da ya zauna Marmara

Littafin da muke magana a kai shi ne Morality and Economic Growth in Rural West Africa na Paul Clough, wanda ya fito a 2014. Clough masanin halayyar al'umma ne, ya zauna a ƙauyen Marmara da ke ƙasar Malumfashi daga 1977 zuwa 1979, lokacin da kuɗin man fetur ke yawo, sannan ya koma a 1985 da 1996 da 1998, bayan arzikin ƙasa ya karye. Abubuwa huɗu ya bi diddigi: gona, ƙwadago, bashi da fatauci.

Lokacin da ya zaɓa yana da muhimmanci. A tsakiyar shekarun 1970 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da bashin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya, tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya kawo takin zamani da ingantaccen irin masara da hanyoyin karkara. Kafin nan dawa da auduga ne sarakan wannan yanki, masara abin gasawa ce ta bayan gida. Cikin 'yan shekaru ta zama abin da ake loda wa manyan motoci. Masana da yawa a lokacin sun yi hasashen cewa ƙarshen abin a bayyane yake: masu hali za su saye gonakin talakawa, talakawa su koma 'yan ƙwadago zalla, kamar yadda aka yi a Ingila.

Clough ya ce ba haka ya gani a Marmara ba. Ya yarda an sami masu arziki, an kuma sami sabbin dabarun noma. Sai dai mai arzikin ƙauye ba don kuɗi su haifi kuɗi kawai yake tarawa ba. Yana tarawa ne don ya ƙara aure, ya yalwata gida, ya aurar da 'ya'ya, ya riƙe barori da yara, ya faɗaɗa abokan harka. Abin da ke tuƙa shi shi ne nauyin da yake jin yana kansa, wato abin da mu muke kira hidima. Wannan hidimar, a ganin Clough, ita take sa mutum ya tashi nema, ita kuma take hana tazarar da ke tsakanin mai shi da marar shi ta wuce iyaka. Da wannan ya ƙi yarda da mabiya Markis masu cewa jari-hujja za ta cinye ƙauye, ya kuma ƙi yarda da masana tattalin arzikin da ke ɗaukar kowane manomi a matsayin ɗan kasuwa mai neman riba shi kaɗai.

Mu gwada da lissafi, misali ne namu ba na littafin ba. A ce wani Alhaji ya tara eka 40, ya rasu ya bar mata 4, 'ya'ya maza 10, mata 8, iyayensa sun riga shi. Matan za su raba tumuni, wato eka 5, kowace ta tashi da eka ɗaya da kwata. Sauran eka 35 a kasa su 28, tunda namiji rabon mata biyu yake ɗauka. Kowane ɗa namiji ya sami eka biyu da rabi, kowace 'ya eka ɗaya da kwata. Mutumin da ya fi kowa gona a ƙauyen jiya, yau 'ya'yansa ƙananan manoma ne. Abin da ya shekara talatin yana haɗawa an raba shi a zama ɗaya bayan sadakar arba'in.

Wanda yake neman jigon labari, ga shi nan a zaune. Ranar rabon nan akwai uwargida da aka sayi rabin gonakin da guminta, akwai amarya mai goyo da rabonta daidai yake da na uwargidan. Akwai babban ɗa da ya ƙare ƙuruciyarsa a gandun uba, ga ƙaninsa da aka tura jami'a da kuɗin wannan gandun, kuma eka biyu da rabi kowannensu zai ɗauka. Ga wanda aka jinginar wa fadama ba takarda, shaidunsa biyu ɗaya ya rasu. Ba a buƙatar aljani ko boka kafin wannan gida ya kama da wuta.

Ƙauye a kan hanya

Abu na biyu da littafin ya gyara mana shi ne zaton cewa ƙauye a tsaye yake. Manomin wannan yanki matafiyi ne tun asali. Yana noma da damina, da kaka ya koma sayen hatsi a ƙananan kasuwanni yana kaiwa manya, ko ya adana sai bazara farashi ya tashi. Marar jari ya tafi cin rani. Kuɗin da ke sa taki a gona sau da yawa a kan hanya aka samo su, shi ya sa Clough bai raba noma da fatauci ba, ya ɗauke su a matsayin harkar mutum ɗaya.

Funtuwa kanta hanya ce ta raya ta. Layin dogo daga Zariya ya ratsa ta zuwa Gusau da Ƙaura Namoda a ƙarshen shekarun 1920, kamfanin Turawa na BCGA ya kafa injin gurzar auduga, daga baya Hukumar Auduga ta Ƙasa ta yi hedikwatarta a garin har zuwa 1986 da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Nan hanyar Zariya ta haɗu da ta Sakkwato da ta Katsina. Duk wanda ya taɓa tsayawa kasuwar Ɗandume ranar da take ci ya ga motocin da ke jiran lodin masara zuwa Kudu, ya san cewa mutumin da ke zaune kan buhu da tsohuwar riga yana iya sanin farashin Dawanau da na Ibadan kafin ɗan birni ya farka. Ba banza ba ne Mamman Shata, wanda ya yi zaman Funtuwa, ya cika waƙoƙinsa da direbobi da fatake da manoma. Mawaƙin ya ga abin da marubucin ya tsallake.

Inda muka rabu da Clough

Littafin ya cancanci yabo, amma akwai wurare uku da ba mu gamsu ba.

Na farko, maigida ne ginshiƙin hujjarsa. Shi ke tarawa, shi ke hidima, mata kuwa suna shigowa lissafin a matsayin abin da gida ke yalwata da shi. Amma duk wanda ya tashi a irin gidajen nan ya san akwai wata kasuwa a bayan zaure. Matar da ke cikin kulle tana sayen hatsi da kaka ta ɓoye, tana yin ƙuli-ƙuli da mai, tana kiwon awaki, tana zubin adashe, wani lokaci ma ita ke ranta wa mijin kuɗin taki. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu kan wannan ɓoyayyen ciniki tun 1969. Sannan akwai tambayar da hidimar maigida ba ta amsawa: ina eka ɗaya da kwata na 'ya mace take ƙarewa? Sau da yawa tana hannun yayanta da sunan riƙo, har a manta asali. Namiji baƙo ba zai iya shiga ɗakin uwargida ya ji wannan ba. Yawancin masu rubuta labaran Hausa a yau mata ne, su ne ke da mabuɗin ɗakin, kuma su ne suka fi kai jarumarsu Abuja.

Na biyu, muna shakkar ko rabon gado yana daidaita mutane yadda ake gani a takarda. Gona tana rabuwa, amma sunan uba ba ya rabuwa, haka sanayya da ilimi da amanar 'yan kasuwa. Ɗan Alhaji mai eka biyu da rabi zai sami wanda zai ba shi jari don darajar mahaifinsa, cikin shekara goma ya sake haɗa gonaki. Ɗan talaka mai eka biyu da rabi kuwa, hatsinsa ya ƙare tun kafin ruwa ya zauna, dole ya bar tasa gonar ciyawa ta ci ya je ƙwadago a ta wani. Hill ta nuna irin wannan talaucin da ke hana mutum noma gonarsa a littafinta Rural Hausa na 1972. Hidima tana ciyar da bara, gaskiya ne, amma wanda ke karɓa ba ya jin daɗinta kamar wanda ke bayarwa. Littafin ya fi jin muryar mai bayarwa.

Na uku ba laifin marubucin ba ne, laifin zamani ne. Bincikensa ya tsaya a 1998. Hidima tana aiki ne a kan wanda ke sallah a masallacin ƙauyen, wanda za a yi wa gori ranar suna in ya yi rowa. Ba ta da iko a kan ma'aikaci ko ɗan siyasa da ke zaune Kaduna, ya sayi eka ɗari, ya samo takardar mallaka ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ya kewaye da waya. Shi ba mai binsa bashin kunya. Haka kuma ba ta da iko a kan mai bindiga. A shekarun nan manoma a Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara sun bar gonakin da ke nesa da gari, wasu sai sun biya kuɗi kafin su yi shuka ko girbi. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren Ƙanƙara. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau, wadda ta yi wa mutane arziki, ta zama wadda ake duba agogo kafin a hau. Gonar da kake da ita a gado amma ba ka isa ka taka ba, taka ce? Wannan tambayar ba ta cikin littafin Clough, kuma har yanzu ba mu ga ta sami gurbin da ya dace da ita a adabinmu ba.

Darasi daga Jawa

Irin wannan muhawara an yi ta a wani wuri mai nisa, tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya, wanda mu masu rubuta manhaja muka fi sanin sunansa a matsayin yaren kwamfuta na Java. A 1963 wani masani Ba'amurke, Clifford Geertz, ya fitar da littafi mai suna Agricultural Involution. Ya ce manoman shinkafar Jawa, da suka yi yawa ƙasa ta yi musu kaɗan, sai suka riƙa gutsuttsura aiki da amfani don kowa ya sami ɗan abin kai wa baki, wato suka raba talauci a tsakaninsu. Masanan da suka biyo baya sun ce ya cika kyautata zato, domin a ƙauyukan akwai masu ƙasa da marasa ko taki ɗaya. Kusan jayayyar da muke yi da Clough ke nan, bambancin kawai shi ne Geertz ya ga ana raba talauci, Clough ya ga ana raba arziki.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne, mutanen Indunusiya ba su bar wa masana ƙauyensu ba. Ahmad Tohari, ɗan ƙauyen Tinggarjaya a yankin Banyumas, ya rubuta Ronggeng Dukuh Paruk a 1982, labarin wata 'yar rawa a wani matalaucin ƙauye da rikicin siyasar 1965 ya rutsa da shi. Littafin ya shahara, an fassara shi, an yi fim da shi a 2011. Tohari bai kai jarumarsa gidan attajiri a Jakarta kafin labarin ya yi armashi ba. Tarihin ƙasa ne ya zo ya same ta a ƙauyen, kamar yadda ya zo ya sami mutanen Sabuwa da Faskari.

Abin da muke roƙo

Littafin Clough da Turanci yake, ya haura shafi 400, a ƙasar waje aka buga shi, kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗalibi. Jikokin mutanen da aka rubuta rayuwarsu a ciki da wuya su taɓa riƙe shi. Zai yi kyau sassan Hausa na jami'o'inmu, musamman na Zariya da Katsina da Dutsin-ma, su duba yiwuwar fassara ko da wasu babobinsa. Amma marubuci ba sai ya jira fassara ba. Abin da Bature ya zo daga nesa ya shekara biyu yana tambaya, kai a gidanku ake yin sa. Ka tambayi kawunka yadda aka yi gonar bakin rafi ta bar hannunku. Ki tambayi gwaggonki ina rabonta. Za a yi shiru tukuna, sannan a fara ba ku labarin da ya fi wanda kuke shirin ƙagowa.

Ba muna neman a daina rubuta soyayya ba. Soyayya a ƙauye ma da gona take tafiya: saurayin da ke cikin gandu bai isa ya yi aure ba sai uba ya ga dama, wanda ya tafi cin rani don haɗa kuɗin lefe yana iya dawowa ya tarar an ba wani. Abin da muke nema shi ne marubuci ya san dukiyar mutanensa kamar yadda ya san fuskokinsu. Ya bambanta aro da haya da jingina da kashe-mu-raba. Ya san watan da rumbu ke ƙarewa, da wanda ake zuwa wurinsa in ya ƙare, da abin da ake biya da kaka. Ya san ranar da kasuwa ke ci da ƙarfe nawa mota ta ƙarshe ke tashi.

Game da manhajarmu, mun koma mun rushe gurbin nan. Maimakon layi ɗaya muka yi jeri: kowace gona tana iya ɗaukar mutane da yawa, kowane da irin haƙƙinsa da ranar da ya fara. Aikin mako biyu ya koma wata uku. Da muka koma wurin dattijon muka karanta masa abin da muka shigar, ya saurara har ƙarshe, ya gyara mana sunan ƙanwarsa, sannan ya ce, "Saura itacen ɗorawar da ke tsakiya. Ita ba ta cikin gonar, ta gwaggonmu ce."